Dalilin da Ya Sa Na Rufe Ruwan Zafin Iya

Zango, Damagaram
Ranar Talata

Zuwa ga yayana Mala,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zahra'u da yara. Allah ya sa albarka a nemanka, ya tsare ku da sharrin baƙunta, ya raya mana Abdulaziz da Maryama bisa tafarkin addini. Mu nan bazara ta kama sosai, rana tun hantsi take dukan mutum a ka. Maigidana Suma'ila yana lafiya, yana nan yana fama da shagonsa. Baba Kyari, ƙanen Iya, gwiwa ce dai ke matsa masa, amma bai fasa zuwa masallaci ba. Ni kuma ina nan ina safa da marwa tsakanin Damagaram da Mirriya, koyarwa a lakwal da safe, gida da yamma, kamar yadda ka sani. Duk wanda na ambata lafiyarsa lau, sai mutum ɗaya da ban ambata ba, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami.

Iya tana asibiti, yau kwana tara. Ta ƙone a ƙafafu biyu, kuma lokotoron da ke duba ta ya ce ta hagun ba lalle ta tsira ba. Sau uku ka kira a cikin kwanakin nan muna ce maka tana barci, ka ce to a gaishe ta, ba ka ji komai a ranka ba. Na rubuto da hannu ne, zan ɗauki hoton takardun in turo maka ta waya, don da bakinka ka taɓa gaya mini kana dariya cewa saƙonnin muryata sun cika tsawo, sai ka danna abin nan da ke sa mutum magana da sauri-sauri. To, takarda ba ta da wurin dannawa, sai ka bi ta layi-layi. Naka saƙon na ranar Lahadi kuwa na saurare shi a yadda ka faɗe shi, har sau biyu. Ka ce Baba Kyari ya gaya maka na kira mai gyara ya taɓa famfon bayan ɗakin Iya, kuma na rufe ruwan zafi. Ka ce wa ya ba ni izini, ka ce na mayar da uwarmu zamanin ɗora tukunya a murhu, ka ce ƙauyanci ne ke damunmu, abu in ba mu iya shi ba sai mu kashe shi. Haba Yaya! Ina zaune a bakin gadonta na saurara, na sa wayar a kunne don kar ta ji. Ban ba ka amsa a ranar ba, don da na buɗe baki da na faɗi abin da ba a faɗa wa na gaba.

Bari in faro maka daga farko, ko da yake kai ne farkon. Shekara uku ke nan da ka zo hutu, wata ɗaya cur, ka yi sati uku a cikinsa kana tsaye kan magina. Ka ɗauko ma'aikata tun daga Yamai, aka rushe makewayin da Iya ta saba da shi tun ranar da aka kawo ta gidan nan na unguwar Birni, aka manna farar karo, wato tayil, a bango har sama, aka kafa farin baho mai famfo biyu, aka rataye tukunyar lantarkin nan mai dafa ruwa da ka ce sunanta shofo. Ba na musun niyyarka, wallahi don jin daɗinta ka yi, ba ka son ta riƙa wanka da ruwan sanyi a tsufanta. Amma ka tambaye ta? Ko ka tambaya ma me za ta ce maka? Kai ɗan fari ne. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ba ta haɗa ido da kai, in za ta ambace ka sai ta ce na Faransa. Ranar da aka gama ka kira ta ta gani, ta leƙa daga bakin ƙofa ta ce Allah ya yi albarka, ta juya. Kai ka ɗauka murna ce ta hana ta magana. Bayan ka tafi ta ce wa Raliya, matar marigayi ɗan ƙanenta da ke zaune da ita, wai abin ya yi mata kama da kwamin shayar da shanu a bakin rijiya. Mun yi dariya a ranar har da hawaye. Ba ta taɓa kwanciya a cikinsa ba ko sau ɗaya, kujerarta 'yar tsugune take sawa a gefe ta yi wankanta da bokiti da moɗa.

Kai ka daɗe da barin gida, wataƙila ka manta yadda muke da ruwa a garin nan, bari in tuna maka. In bazara ta yi, famfo sai ya kwana uku, ya kwana huɗu, ko ɗigo babu. Ba ya sallama in zai tafi, ba ya sallama in zai dawo. Shi ya sa kowane gida ake barin famfo a buɗe a tara masa wani abu, don da ya fara huci a ji, kowa ya zabura ya kwaso bido da tulu da duk abin da ke riƙe ruwa. Wanda ya yi nawa ya koma hannun 'yan ga-ruwa. Haka muka taso, haka kai ma ka taso kafin ka hau jirgi. To bahonka da ya ƙi zama wurin wanka sai ya samu aikin da ya fi dacewa da shi a Damagaram, ya zama randa. A toshe raminsa da robar nan, a buɗe famfo, in ruwa ya zo ya cika shi, a yi kwana biyu ana ɗiba. Har Iya ta fara yabonsa a kan haka, ta ce ashe na Faransa ya san abin da yake yi. Shofon kuwa yana nan a kunne rani da damina, don ka ce kada wanda ya taɓa makunninsa, wai kashewa da kunnawa ke lalata shi. Mun ji, mun bi, ko a watan da ruwan randa ma kansa ɗumi yake yi.

Wata bakwai da suka wuce kan famfon ruwan zafin ya fara sakin jiki. In ka murɗa don buɗewa sai ya kama, in ka murɗa don rufewa sai ya yi ta juyawa a banza, sai ka danne shi da ƙarfi kafin ya ji. Gindinsa ma yana girgiza a jikin bahon. Na gaya maka a waya, na kuma gaya maka, har bidiyo na ɗauka na turo. Ka ce kayan daga can ka zo da su, masu gyaran Zango ba su san irinsu ba, za su sa masa ƙarfen banza su ɓata. Ka ce a bari, kana nan tafe a watan Disamba da abin gyaran a jakarka. Disamba ta zo ta wuce, ka ce aiki ya riƙe ka. Na ce ko in kira Malam Illa mai gyaran famfo ya duba kawai, ka ce Rahama, ki bar abin da ba ki sani ba. Sai na yi shiru, na samo robar tayar keke na naɗe gindinsa, na ce wa Iya da Raliya su riƙa amfani da na sanyin kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya, amma a gidanmu mai ɗakin ba shi da ta cewa sai an bugo waya daga wurinka a Liyon. Ban wanke kaina ba fa. Ni malama ce, ina tsawata wa yara sittin a aji ba na tsoron kowa, amma na kasa tsallake maganar yayana a kan kan famfo. Wannan shirun nawa zan tafi da shi kabari.

Ranar Laraba ce, bayan azahar. Ina Mirriya, Raliya ta tafi Kasuwar Dole sayen cefane. Kwana huɗu ke nan babu ruwa, abin da ya rage a gidan bai kai rabin bido ba. Tun da safe Iya ta shiga ta buɗe famfo kamar yadda aka saba, to na sanyin yana da tauri, yatsunta ba sa iya murɗa shi, sai ta buɗe wanda ke saurin buɗuwa. A wurinta ruwa ruwa ne. Tana kan tabarma tana lazimi ta ji huci, ta tashi ta shiga, ta tarar ruwa na zuba da ƙarfi yana tururi, kuma robar toshewar ta goce, duk abin da ya zubo yana tsiyayewa ta ramin. Ta kama kan famfon ta rufe, ya yi ta juyawa a hannunta. Ta so ta sunkuya ta mayar da robar, baya ya ƙi. Ka san Iya da ruwa. Matar da ke tara ruwan alwalarta ta ba wa zogale, ita za ta tsaya tana kallon ruwan kwana huɗu yana bin rami? Sai ta dafa bango ta shiga cikin bahon, ta ɗora diddigenta na hagu a kan ramin ta danne, daidai inda ruwan ke faɗowa. Ciwon sugan nan ya daɗe da kashe mata jin ƙafa, kai ma ka sani, ko ƙaya ta taka sai ta ga jini take ganewa. Ta ce ɗumi kawai ta ji, ta ga tururin amma ta ce ai in da zafi ƙafa za ta gaya mata. Haka ta tsaya, ruwa ya hau har ya rufe idon sawu, ba wanda ya san tsawon lokacin. Raliya ta dawo ta same ta a tsaye a ciki, ta tsoma hannu ta fizge da ihu, ta rungumo ta ta fito da ita. Ka san abin da uwarka ta fara cewa? Wai a yi maza a toshe, kar ruwan ya tafi. Raliya ta tura robar da muciya, ta danne kan famfon da hannu biyu har ya kama. Ruwan nan da ya dafa mata ƙafa shi aka yi kwana biyu ana ɗiba a gidan. Ni ma da na zo da yamma na yi alwalar magariba da shi, har ina cewa madalla, yau an dace.

Na same ta a ɗaki da ƙafafu a ƙunshe, leda da tsumma har ƙwauri. Ta ce lalle ta ɗaura, ƙafar ce ke mata kaushi. Na tsaya ina tsokanarta, ina cewa Iya wane tsoho ne ya kawo goro ba a gaya mana ba, ashe amarya muke da ita a gida. Ta yi murmushi ta ce in bar ta da shaƙiyanci. Raliya na gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba, ashe Iya ta ɗaure ta da girman Allah kada ta faɗa wa kowa. Washegari ƙunshi, jibi ƙunshi, tana salla a zaune tana ce mini jiri ne. Ni kuma ga gajiyar hanya, in zo in duba maganinta, in ci abin da na samu, in hau kabu-kabu in koma Zango. Sai ranar Lahadi da na wuni a gidan na ji wari, na zata ɓera ne ya mutu a bayan akwati. Na duba ko'ina, warin ya kai ni bakin gadonta. Ta ce kada in taɓa, na ce yau kam sai dai ki tsine mini. Da na warware ledar, Yaya, fatar ta biyo ta. Ba zan kwatanta maka sauran ba, ba don na tausaya maka ba, don hannuna ba zai iya rubutawa ba. Suma'ila ya samo mota muka ɗauke ta, a hanya Raliya ta fashe da kuka ta faɗi komai. Iya kuwa tana kwance a cinyata tana yi wa Raliya faɗa wai ta cika surutu.

Washegari ban je lakwal ba, na wuce Zango na ɗauko Malam Illa, dattijon nan mai gyaran famfo da ka ce bai san kayan Turai ba. Ina so ka ji yadda gyaran ya kasance dalla-dalla, tunda shi ne laifina a wurinka. Ya fara da kashe wutar shofon, sannan ya hau kujera ya rufe makullin da ke shigar masa da ruwa. Ya kwance wani bututu a ƙasansa ya tsiyaye abin da ke ciki, muka tara a bokiti uku, har a ranar ban yarda an zubar ba. Ya duba ma'aunin zafin ya girgiza kai, ya ce tun ranar da aka kafa shi a ƙarshen lamba aka bar shi, kuma in ruwan gari ya ɗauke, wanda ke ciki ba ya fita, yana nan yana dahuwa, da sabo ya zo sai ya turo shi gaba ɗaya. Sannan ya zauna a bakin bahon, ya sa tsinin wuƙa ya ɓalle ɗan jan marfin da ke saman kan famfon. A ƙarƙashinsa akwai ɗan bis guda ɗaya, ƙusar nan da ake murɗawa, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya kwance har ya kusa faɗuwa. Ya sa turnabis ya murɗa shi sau huɗu. Ya kwanta a ƙasa ya zura hannu ta bayan bahon ya ɗaure abin da ke riƙe gindin, ya yanke robar keken da na naɗa ya jefar. Ya ce in gwada. Na murɗa ya buɗe, na murɗa ya rufe, tsaf, kamar ranar da aka kawo shi. Duka-duka aikin bai kai tsawon dafa shayi ba. Na zauna a ƙasan karon nan naka na yi kukan da ban yi a asibiti ba, dattijon nan ya tattara kayansa ya fita tsakar gida ya ba ni wuri.

Da na fito ya ce yanzu famfo ya gyaru, in ina so sai ya rage zafin ya sake kunnawa, ba zai ƙara ƙona kowa ba. Na ce a'a. Na sa ya cire wayar wutar gaba ɗaya, ya kwance hannun makullin ya ba ni, yana cikin jakata yanzu haka tare da takardun maganinta. Ban nemi izininka ba, kuma ba zan nema ba. Ka kira shi ƙauyanci in ka ga dama. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma mu a gidanmu kai ka ɗebo, ni na yi shiru, Iya ta ƙone. Muddin ni ke shiga gidan nan, ruwan wankanta a tukunya zan ɗora shi, in tsoma gwiwar hannuna in ji kafin ya taɓa jikinta.

Yanzu ga inda muke. Ƙafar dama tana karɓar magani, Alhamdu lillahi. Ta hagun daga diddige ta fara baƙi, kullum aka buɗe sai a ga ya ƙara hawa. Lokotoro ya kira ni da Baba Kyari ya ce suga ya hana ciwon warkewa, kwana huɗun da aka yi a ƙunshe kuma sun ba shi hanya. Ya ce sai an yanke ƙasa da gwiwa, in ba haka ba abin zai shiga jini, daga nan kuma ba sauran dabara. Da aka gaya mata ta ce ba ta yarda ba, yadda Allah ya kawo ta duniya a cike haka za ta koma masa, ba za a binne ƙafarta ta riga ta shiga ƙasa ba. Baba Kyari ya yi mata nasiha, ta ce shi ƙanenta ne, ya tsaya a matsayinsa. An kawo limamin unguwa ya karanto mata abin da ya sawwaƙa, ta saurara ta ce ta gode. Ni na durƙusa, na yi kuka, na ce ta dubi 'ya'yana, na ce ta dube ni, ta shafa kaina ta ce in yi haƙuri. Lokotoro ya ce jibi Alhamis yake son amsa ta ƙarshe. Bari in ajiye alƙalami a nan, an kira la'asar kuma lokacin juya ta ya yi.

Yau Alhamis. Ban turo maka takardun ranar Talata ba, na riƙe su in ga abin da Allah zai yi. Da hantsi Iya ta ce kowa ya fita, ta bar ni ni kaɗai. Ta tambaye ni ko na Faransa ya sani, na ce bai sani ba. Sai ta ce ta yi tunani. Ta ce in ta mutu da wannan ciwo zai zo zaman makoki, kuma bakin mutanen Birni ba ya rufuwa, kafin sadakar uku wani zai raɗa masa cewa abin da ya gina ne ya kashe uwarsa. Ta ce ta san halinsa tun yana ƙarami, yaro ne mai riƙe abu a rai, ba zai ƙara barci mai daɗi ba har ya mutu, ba kuma zai iya ƙara taka unguwar ba. Amma in tana raye, ko da ƙafa ɗaya ce, ita za ta zauna a ƙofar ɗakinta ta gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa suga ne ya ci ƙafar, kuma ba mai ƙaryata mai ciwo a gaban idonta. Saboda haka a kira lokotoro, ta yarda. Sharaɗinta ɗaya ne, in gaya maka suga ne, in ja wa Raliya da Baba Kyari da Malam Illa kunne, kada maganar famfo ta kai kunnenka har abada. Na ce to. Ba ta sa ni rantsuwa ba, don ba ta taɓa zaton zan saɓa mata ba. Baba Kyari ya sa hannu a takarda, ranar Litinin da safe za a shiga da ita.

Ya kamata in yi murna, kuma na yi, Allah ya sani. Amma na fita bayan ɗakin na jingina da bango. Kwana da kwanaki ina roƙonta ta rayu saboda ni, ni da ke wanke ta, ni da ke kwana a tabarma a ƙasan gadonta, ba ta motsa ba. Amma don barcinka kai, da ba ka ma san tana asibiti ba, ta ba da ƙafarta. Ba na jin kunyar faɗa maka, na ji kishi, na ji haushi, har na nemi gafarar Allah. Uwa ce, ta fi ni sanin abin da take yi. Sai dai ni ba uwarka ba ce, ƙanwarka ce, kuma ba zan iya kallon ka ka sauko daga jirgi kana faɗa a kan shofo, kana tambayar wa ya bar suganta ya hau, ina haɗiye amsa ba. Ban taɓa saɓa wa Iya ba tun da na yi wayo, yau na saɓa, alhakin yana wuyana.

To ga abin da ya rage maka. Ka zo, in ba ka samu Litinin ba ka samu satin. Kada ka turo kaya, kada ka turo keken guragu mai lantarki ko wani sabon abu da za a ce kada a taɓa, kai muke nema. In ka shigo ka durƙusa ka gaishe ta, za ta kau da kai ta ce maka suga ne, ƙaddara ce. Sai ka ce haka ne, Allah ya sa kaffara ce. Kada fuskarka ta nuna, kada ka nemi gafararta a kan abin da take zaton ba ka sani ba, don in ta gane ka sani, to a banza ta ba da ƙafar. In kuka ya zo maka ka fita zaure ka yi, ka wanke ido ka dawo ka ci tuwon da za ta sa a ajiye maka. Haka za ka yi ta yi duk zuwan da za ka yi, har ranar da Allah zai raba.

Ka gaida Zahra'u da kyau, amma kada ka nuna mata wannan takarda, ita ma suga za ka ce mata. Ka shafa mini kan Abdulaziz da Maryama, ka ce su yi wa kakarsu addu'a ranar Litinin. Suma'ila yana gaishe ka, Baba Kyari yana sa maka albarka, Raliya ma ta ce a gaishe ka, ita har yanzu ba ta iya haɗa ido da ni. Allah ya ba Iya lafiya, ya sa a yi a sa'a, ya yafe mana ni da kai. Na so in raba ka da wannan nauyi kamar yadda ta so, Yaya, na kasa, ya fi ƙarfin wuya ɗaya.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Rahama